Filasmar da Na Sayar wa Malam Buba na Bilbis

Tsafe,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Gusau lafiya, ka wuce duk wuraren nan na hanya da gaban matafiyi ke faɗuwa ba tare da ka ga abin ƙi ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ka gaishe mini da Gwaggonka Asabe da mutanen gidanta, ka zauna da su da ladabi, kada ka zama baƙon da sai an tashe shi sallar asuba.

Innarka na ba takardar nan ta saka maka a ƙasan jaka. Na zaɓi in rubuta ne saboda na san halina. In na buɗe baki a gabanka faɗa zan yi, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," ba abin da zai shiga. A takarda kuwa dole ka saurare ni har ƙarshe.

Shekaranjiya da la'asar ina zaure na ji ka a ƙofar gida kai da maƙwabcinmu Malam Mudi mai shayi. Na ji ka da kunnena kana cewa, "Malam Mudi, wannan talabijin taka ai ta gama yayi. Kwanan nan za ta daina nuna komai. Ka bari in kama aiki, ka zo Gusau in zaɓa maka mai HD." Sanusi, ko ƙofar shagon ba ka taka ba tukuna, amma bakinka ya riga ya iya! Talabijin ɗin Mudi ni na gyara ta da hannuna, tana da dikodarta, garau take nunawa, za ta iya ƙara shekaru tana aiki. Jiya na je na gaya masa gaskiya da kaina. Ya yi dariya ya ce ai ƙuruciya ce. Ni ban yi dariya ba, domin maganar da ka yi tawa ce. Ni na riga ka faɗar ta, kusan kalma da kalma, kuma na ga abin da ta jawo. Ban taɓa ba ku labarin ba. Yau zan ba ka.

Ka san a Bungudu na koyi gyaran rediyo da talabijin wajen kawuna, na dawo Tsafe na kafa rumfa a bakin tasha. A zamanin talabijin masu ƙusumbi ba wanda ya kai ni a garin nan. Daga jin ƙararta kawai ina gane ciwonta. Har daga Mada da 'Yankuzo ake ɗauko min su a kan babur. Sai filasma ta shigo, siririya kamar allon makaranta, ana manna ta a bango. Abokan sana'ata biyu suka tafi Gusau koyon cikinta. Ni na ce wane ni in koma ɗalibi da furfura a gemu. Na riƙa cewa kayan wasan yara ce, ba za ta yi ƙarko ba, mutane za su dawo.

Ana nan sai wani shugaban makarantar firamare daga Bungudu, wanda ya san ni tun ina koyo, ya kawo min tasa, sauti na fita hoto ba ya fita. Ban taɓa buɗe irinta ba. Maimakon in ce masa ban sani ba, sai na ce ya dawo jibi. Na sa sukundireba na ɓamɓare ta yadda nake ɓamɓare tsofaffin, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Gilashin ne ya tsage tun daga kusurwa. Da ya dawo na dubi idonsa na ce wuta ce ta ƙona ta tun kafin ya kawo. Ya yi salati, ya ɗauki kayarsa, har da yi min godiyar wahala.

Ka riƙe wannan. A shagon da za ka, za a tambaye ka abubuwan da ba ka sani ba. Ka ce, "Ban sani ba, bari in tambayo." Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi haka. Kuma ka koyi cikin abin da kake sayarwa, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali. Girman kaina ne ya kashe min rumfa, ba filasma ba. Kuma ƙaryar nan ta farko, da ta wuce ba wanda ya kama ni, ita ta sauƙaƙa min ta biyu.

Da aiki ya tsaya, kuna ƙanana, sai wani dila a Gusau ya aiko a kira ni. Ba zan rubuta sunansa ba, ya bar garin tuni. Babban shago gare shi, filasma jere a bango tun daga ƙasa har rufi, duk suna nuna kifaye masu launi suna iyo da furanni suna buɗewa. Ya ce in zauna a gaban shago in riƙa karɓar mutanen yankinmu. Na ji daɗi, na ce Allah Ya kawo mafita.

A lokacin ne ake ta sanarwa a rediyo cewa za a mayar da tashoshin talabijin dijital. Yawancin mutane ba su gane abin da ake nufi ba, sai tsoro. Gaskiyar maganar ba ta da wuya: mai tsohuwar talabijin ɗan ƙaramin akwati kawai yake bukata ya jona mata, shi ke nan. Mai dish da dikoda kuwa abin ko kusa bai shafe shi ba. Na san wannan sarai. Amma a shagon nan ba haka muke faɗa ba. Cewa muke, "Gwamnati za ta kashe tsofaffin, wanda bai sayi HD ba sai dai ya kalli bango." Kuma mutane suka riƙa tururuwa. Manomi ya sayar da hatsi ya zo. Uban amarya ya zo yana gumi don an ce masa 'yar wane da filasma aka kai ta ɗaki, a ƙauyen da ko turken wuta babu. Na taɓa sayar wa wani mutumin Mada wadda sai da aka cire ƙyauren ɗakinsa kafin ta shiga. Muna kallonsu muna murmushi muna cewa Allah Ya sanya alheri. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

A bayan shagon akwai wani ɗaki da kullum yake rufe. Daga nan ake fito da kwalaye sababbi ƙal, an naɗe da leda, an buga HD da manyan haruffa masu ruwan zinariya. Ban taɓa shiga ba. Amma Sanusi, ni mai gyara ne. Shekara da shekaru ina shaƙar hayaƙin dalma. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin nan warinta nake ji. Me ake liƙawa da dalma a cikin sabuwar talabijin? Ban tambaya ba, don ba na son in ji amsa.

Sai ga Malam Buba. Mutumin Bilbis ne, manomi, yana da rumfar kallon ƙwallo a gefen kasuwarsu: bencuna, ɗan injin wuta, dish, da talabijin masu ƙusumbi guda biyu. Da noma da rumfar nan yake riƙe iyalinsa da tsohuwarsa. Tun ina bakin tasha ni nake masa gyara. Irin mutanen nan ne da zai ajiye maka kaya ya tafi, ba ya tambayar me ka cire me ka saka. Ya yi ta nemana har aka kwatanta masa shagon. Ya shigo ya cire hula yana fifita, ya ce, "Malam Isa, wagga magana da nika ji, gaskiya ta? An ce talabijin ɗina za su mutu. Na ce ba ni yarda da kowa sai na ji daga bakinka."

Ka ji fa. Daga bakina. Da na ce masa, "Koma gida Buba, kai da kake da dish ba ruwanka," da ya sha ruwa ya tafi. Sai na kama hannunsa na kai shi gaban mafi girma a shagon, kifayen nan suna iyo kamar ka sa hannu ka kamo. Na ce, "Buba, zamani ya juya. Naka sun gama yayi. Kuma ka duba nan, in samarin Bilbis suka ga ƙwallo a wannan, wa zai sake zuwa wata rumfa?"

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inji nika amfani da shi fa, ba mu da wuta. Tana ɗauka?"

Na ce, "Ba komai, tana ɗauka."

Ya ce, "To sai dai in sai da shanun huɗa."

Na ji maganar, na san me shanun huɗa suke nufi ga manomi, kuma na san damina saura 'yan watanni. Na ce masa kafin ruwa ya sauka rumfar ta mayar masa da su. Bayan kasuwa biyu ya dawo. Aka fito masa da ita a kwali daga ɗakin baya. Na ce ko za a buɗe ya gani. A raina ina fatan ya ce a'a. Ya ce, "Haba Malam Isa, mi za ni gani? Kai ka gani ai."

Sati uku ta yi. Ran wata Asabar da rana, ana tsakiyar wani babban wasa, rumfa ta cika har waje, sai fararen layuka suka sauko a fuskarta, rabi ya yi baƙi, sannan duka. Tsofaffin nasa kuwa ya riga ya rabar da su, ɗaya ga ƙaninsa ɗaya ga surukinsa. Samari suka tashi suna ihu, wasu suka kifar da benci, suka watse suka bar shi. Washegari ya naɗe ta da bargon matarsa, ya rungumo ta a bayan babur har Tsafe, ya shigo mota har Gusau, ya ajiye ta a gabana.

Me kake tsammani na yi? Ƙaryar da na yi wa shugaban makaranta ita na sake ɗaukowa. Na ce, "Injinka ne ya ƙona ta. Garanti ba ya ɗaukar abin da inji ya ƙona."

Ya ce, "Ai na hwaɗa maka inji gare ni, kac ce ba komi."

Na kama gyara wasu rimot a kan tebur da ba su bukatar gyara. Na so ya zage ni, Sanusi. Da ya zage ni da na sami abin kamawa, in ce ga shi ya yi rashin mutunci. Bai zage ni ba. Ya warware bargon matarsa ya ninke ya saɓa a kafaɗa. Ya ce, "Da wani na yas sai da man, da na buɗe kwali. Don kai na ban buɗe ba." Ya fita ya bar ta nan.

Bayan azahar na ja ta gefe na kwance bayanta. A lokacin na ɗan fara sanin cikinsu. Wallahi abin da na gani ko a rumfata ta bakin tasha ba zan bar shi ya fita ba. Tsohuwar dalma baƙa a wuri uku, wayoyi an ɗaure da salatif, ƙura ta yi kauri, har da busasshen kyankyaso. Tsohuwa ce da ta gama rayuwarta a wata ƙasa, aka goge fuskarta, aka saka ta a sabon kwali. Kifayen da muke nunawa a bango kuwa daga wani ɗan filashi mai ajiye bidiyo ake kunna su, a kan 'yan kaɗan masu kyau da aka ware don ido.

Na ɗauki murfin bayanta na shiga wajen dila. Na ce, "Alhaji, wannan zalunci ne! Mutumin nan shanunsa ya sayar!"

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Malam Isa, yau ka fara jin warin dalma a shagon nan?"



Ya ƙara da cewa, "Mutanen ƙauye girma suke saye, ba kyau ba. Mun ba su girma. Kuma kai kana tsammanin don iya ciniki na ɗauko ka? Fuskarka na ɗauka. Mutanen Tsafe da Mada sun yarda da kai, in ka ce saya sai su saya."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona ni, ba ƙarya a cikinta. Amanar da na tara shekara da shekaru a bakin tasha, ita aka jera a shago ana sayarwa, ni kuma ina zaune ina miƙawa. Na ce a canza wa Buba da ta gaskiya, ya ce ba ya cikin tsarinsu. Na ajiye masa murfin a kan tebur na fito, ban sake komawa ba.

To ka sani, kai ma fuskarka za a ɗauka. Kai ɗan Malam Isa mai gyara ne, ka yi karatu, kana da fara'a. Mutanen garinmu za su shigo Gusau su nemi inda kake, su ce sai daga bakinka. Ban san mai shagon da za ka yi wa aiki ba sai abin da Gwaggonka ta faɗa, ta ce mutumin kirki ne, kuma ina fatan haka ne. Amma in ka ga ɗakin da ba a son ka shiga, ka tambaya. In ka ji abin da bai kwanta maka ba, kada ka yi kamar ba ka ji ba. Kau da kai ba ya wanke mutum. Ni na gwada.

Ka tuna talabijin ɗin da muke da ita a falo kana aji uku, wadda wata rana kuka dawo makaranta kuka tarar da ƙusa kawai a bango? Na ce muku ta lalace na kai ta gyara, kuka yi ta tambaya har kuka gaji. Ba ta lalace ba. Ita kaɗai ce ta gaskiya da na taɓa fitarwa daga shagon nan, don da zan saya wa kaina sai da na buɗe bayanta na duba. Dubi wannan rashin kunya: tawa na duba, ta Buba ban duba ba! Ita na ɗauka na kai Bilbis. Innarka ce ta naɗe min ita da zanenta, ba ta tambaye ni komai ba, sai da zan fita ta ce, "Malam, gara da ka tuna." Ku kuma na yi muku ƙarya don kunya. Wannan ma kuskure ne. Da na gaya muku tun lokacin, wataƙila da ban ji abin da na ji shekaranjiya ba.

Na isa Bilbis ruwa ya riga ya sauka. Rumfa a rufe. Aka nuna min gonarsa. Na same shi da garma ta hannu yana huɗa, shi kaɗai, mutumin da ya girme ni, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rabin gonar ciyawa ce, kuma haka ta zauna har kaka. Na gaya masa komai a tsaye a bakin kunyar gona, ɗakin baya da dalma da abin da na sani game da dish. Ya jingina da garma yana saurare. Da na gama ya ce, "To. Allah Shi yafe muna." Muka je na jona masa talabijin ɗin, na sa mata sitabilaiza. Ba ta kai rabin waccan girma ba, samari kaɗan suka dawo. Shanu kuwa sai bayan damina uku ya sake haɗa su. Wannan ba abin da na iya yi a kai. Talabijin ake mayarwa, ba a mayar da damina.

Kuma Buba shi ne wanda ya dawo min da tasa. Sauran fa? Uban amaryar nan, da mutumin Mada, da wasu da na manta fuskokinsu? Wataƙila tasu ta mutu sun ce inji ne, ko tsawa, ko ƙaddara, don Malam Isa ba zai cuce su ba. Su ne suke hana ni sukuni in na ɗaga hannu ina addu'a.

Buba yana nan da ransa. Bara ya kawo min rediyo a sabuwar rumfar da na sake kafawa, muka gaisa da fara'a, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Na gyara zan rufe, sai ya matso ya ce, "Tsaya in gani, mi kac canza?" Na nuna masa. Ya duba, ya gyaɗa kai. Ya yafe min, na yarda da haka. Amma yanzu yana dubawa.

Ban ce kada ka sayar da filasma ba. Abu ne mai kyau. Na koma na koyi cikinta da furfurata, kuma na yarda mai kyaunta ta fi tsofaffin nesa ba kusa ba. Ka sayar, ka ci riba, halal ce. Amma kafin ka nuna wa mutum mafi girma, ka tambaye shi wace wuta gare shi, ta gwamnati ce ko inji ko sola, kuma ina zai ajiye ta. Ka buɗe kwali a gabansa ko ya ce ya yarda da kai, musamman ma in ya ce ya yarda da kai. Ka kunna masa tashar da zai riƙa kallo a gida ya ga yadda take fita, ba kifaye ba. In tsohuwa ce ka ce tsohuwa ce, akwai masu so kuma ba laifi ba ne. In ɗan akwati zai ishe shi, ka sayar masa da ɗan akwati ka bar shi ya tafi da shanunsa. Kuma kada ka sake tsorata wani da sunan gwamnati ko sunan zamani don ya buɗe aljihu. In na sake jin haka daga bakinka, ko daga bakin wani a kanka, ni da kaina zan shigo mota in zo in tsaya a ƙofar shagon in faɗa wa kowa gaskiya. Ka san zan iya.

In kuma wata rana aka ce maka aikin nan ba ya yiwuwa sai da ƙarya, kada ka tsaya gardama. Ɗauko jakarka ka taho gida. Ɗakinka yana nan, tuwo yana nan, rumfa tana da wurin mutum biyu. Ba zan tambaye ka me ya faru ba, kuma ba wanda zai ce ka kasa.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ƙannenka suna gaisuwa. In za ka zo gida ka taho da safe, kada ka bari yamma ta same ka a hanya. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kasuwa da sharrin bakinka. Allah Ya ciyar da kai halal, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa mai gyara.